Yatsu Goma a Hindawiyya

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa ba. Wannan ya ce yaya Makka, wancan ya ce yaya Jidda, Isiyaku kuwa kullum tambayarsa ɗaya, wai da gaske Larabawa sun zauna shiru minti arba'in suna kallon mutumin Tudun Wada yana danna katako? Na gaji da ba ku labarin guntu-guntu a bakin shago, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Mai neman labarin dogayen gine-gine ya nemi wani alhajin, ni ban cika ɗaga kai ba.

Tunda na san sai kun tura wa waɗanda ba su san ni ba, sunana Habibu, shekarata arba'in da uku, sana'ata kaɗa piyano. E, haka na ce. Wani tsohon malami ɗan Gana da muka yi maƙwabtaka da shi a Kaduna ne ya fara ɗora hannuna a kai ina ƙarami. Daga baya na samu tafiya karatu wata ƙasa mai sanyin tsiya, na dawo na ƙare a koyar da 'ya'yan masu hali a Abuja, yaran da ba su damu da abin ba, iyayensu ne suke so. A danginmu ba a taɓa zagina a kan sana'ar nan ba, ba a kuma taɓa tambayata ba. In za a gabatar da ni sai a ce, "Malamin makaranta ne," a wuce wurin.

Sai ga saƙo daga Jidda. Wata ƙungiyar makaɗa ce za ta yi wasa, wanda suka shirya da shi ya fasa, wani da muka yi karatu tare ya ambaci sunana. Abin da za a kaɗa Turawa suna ce masa konceto. Mutum ɗaya ne a kan piyano, makaɗa wajen sittin a bayansa, masu goge da masu busa, ana ba-ni-in-ba-ka kamar ana zance. Wani Bature da ya daɗe da mutuwa ne ya rubuta wannan ɗin, a zamanin da suke juye zuciyarsu duka a cikin kiɗa, bege ne da kuka da fushi daga farko har ƙarshe. Kashi uku ne, kuma da ka ake kaɗa shi, ba takarda a gabanka. Shekara ashirin ina riƙe da shi a kaina ni kaɗai, ban taɓa kaɗa shi da kowa ba.

Da na je sallama da Inna, mahaifiyata, sai ta ce in sauka a Makka wurin Gwaggo Rakiya, yayar marigayi mahaifina Mamman. Tana amarya aka tafi da ita, ba ta sake tako ƙasar nan ba, ni ma muryarta kawai na sani a waya. Inna ta ce, "Amma ka ji ni da kyau. Ka ce mata umra ce da taron aiki. Tsohuwa ce, kada ka je ka ɗaga mata hankali." Na ce to. Ta haɗa mini tsaraba, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa, ta cusa su da hannunta a cikin akwatin da na sa baƙar kwat ɗin da zan hau dandamali da ita.

Daga Kano muka tashi, saura kwana goma sha biyu wasan. Na ɗaura ihramina tun a filin jirgi, ban tuna cewa jirgi firji ne ba sai da muka lula. Kusa da ni wani dattijo ne daga Gusau, bai taɓa shiga jirgi ba. Muna ɗagawa ya cafke wuyan hannuna na dama da hannun manomi, yana salati. Wallahi sai da na ji ƙashi ya motsa. Na ce, "Baba, ga na hagu, riƙe wannan." Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ana ta kai kana zaɓen hannu?" Bai sake ni ba sai da aka kawo shayi.

A Jidda kuma na'urar ɗaukar hoton yatsa ta ƙi ni. Na ɗora, ta yi ja. Na goge, na ɗora, ta yi ja. Jami'in, wani saurayi mai gyararren gemu, ya juya hannuna yana duba kan yatsun, ya tambaye ni ko birkila ne ni. Na nuna masa takardar gayyata. Ya karanta, ya dubi ihramina, ya sake karantawa, sai ya yi dariya ya kira abokinsa ya nuna masa. Ya ɗiga mini wani mai a tafin hannu, ya danna yatsuna da nasa, na'urar ta haƙura.

Sale ne ya zo ɗaukata, ɗan Gwaggo, direban tasi, haifaffen can. Hausarsa rabi ce, sauran rabin Larabci, kuma bai san inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. "Yalla, shiga, ɗan kawu. Ummi tun asuba take intizarinka, tana ta jira." Da muka isa gida Gwaggo ta tuna masa cewa ni taubashinsa ne, akwai wasa a tsakaninmu. Ai kuwa ya riƙe wannan hannu bibbiyu, daga ranar bai sake kirana da komai ba sai "baƙauye". Shi ya kai ni Harami na yi umra a ranar. Ba zan iya ba ku labarin ganin Ɗakin ba, wanda ya gani ya sani. Abin kunyar da zan iya faɗa shi ne, duk ɗawafin nan hannuwana a ƙirji suke a naɗe, ina tsoron kada a matse mini su.

Gidan Gwaggo yana Hindawiyya, hawa na uku, a wani lungu da mota ba ta shiga sai ta naɗe madubanta. In ka rufe ido ka saurara sai ka rantse a Fagge kake, ana ciniki da Hausa, ana faɗa da Hausa, sai dai kuɗin riyal ne. Da safe wake ne dafaffe da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke ce wa tamis, da rana shinkafa da kaza, da yamma ga masa ga tsire a bakin titi, sai dai can sun lanƙwasa sunan sun ce siriya, Larabawa suna layi a kansa. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne ƙofa. A can kowa ƙofarsa a kulle, maƙwabci ma sai ya buga waya kafin ya hau, ba kamar nan da mutum zai yi sallama yana tsakiyar gidanka ba.

Gwaggo doguwa ce, ta ranƙwafa, yanar ido ta fara rufe mata gani, ga ciwon suga ga ciwon gwiwa. Da na durƙusa gaishe ta sai ta kama fuskata tana shafawa, ta ce, "Goshin Mamman ne, wallahi goshin Mamman ne," ta fashe da kuka. Rabon da wani ya taɓa fuskata har na manta. Da ta kwance ƙullin daddawa kuwa sai ta kai hanci ta daɗe ba ta ɗago ba.

To ga inda matsalar take. Piyano yana Jidda, kuma awa biyu kawai aka ba ni a kansa, shi ma ana tsallake rana ɗaya tsakani, kafin a fara haɗuwa da makaɗa. Sauran lokacin dole in yi bita a inda nake. Mu masu wannan sana'a muna da hanyarmu: ka zauna, ka rufe ido, ka kaɗa abin daga farko har ƙarshe a kan gwiwarka, kana jin sautin a cikin kai. Ɗakin da aka ba ni ba kujera ba tebur, katifa ce da darduma. Saboda haka in na idar da sallar asuba sai in zauna a inda nake, in ɗora matashi a cinya, in fara. Yatsu goma suna tafiya, leɓe yana motsi don ina ƙirga bugu, jiki yana ɗan rangaji. Awa uku, wani lokacin huɗu, in huta, bayan la'asar in koma. Ban taɓa kawo wa raina yadda abin yake a idon mai leƙowa ba.

A rana ta huɗu na buɗe ido sai na ga Gwaggo a bakin ƙofa riƙe da kofin shayi, ya riga ya huce. Ta ce, "Yi haƙuri, Malam, ban so na katse ka ba." Malam! Jiya Habibu nake. Ta zauna da ƙyar a gefen katifa ta ce tun shekaranjiya take lura da ni. Ta ga masu wuridi iri-iri a garin nan, amma ba ta taɓa ganin mai ƙirga da hannu biyu ba, ba ko carbi. Ta ce, "Ashe Mamman ya bar baya. Su kuma mutanen gida ba wanda ya gaya mini."

Bakina ya buɗe, amma ta riga ni. Ta ce tana da magana. Autarta Zainaba tana kwance a asibiti da tsohon ciki. Wannan ne na huɗu, ukun farko duk a watan ƙarshe suka zo ba rai. Tun da cikin ya shiga wata bakwai Gwaggo take tashi tsakar dare tana nafila, tana azumin Litinin da Alhamis duk da likita ya hana ta, har sau biyu tana faɗuwa a banɗaki. Ta ce, "Na gaji, ɗana, jikin ya ƙi. Allah ne ya turo ka. Na bar maka Zainaba, ka sa ta a cikin abin nan da kake yi, ni in ɗan runtsa."

Kun san me na ce? Na ce, "To, Gwaggo." Maganar Inna tana kunnena, wannan gaskiya ne, amma ba ita ce ta rufe mini baki ba. Daɗi na ji. Shekara arba'in da uku ba wanda ya taɓa dubana haka a danginmu, ko a kan abin da ba nawa ba ne. A ranar Gwaggo ta ci abincin rana, ta kwanta, har falo ana jin minsharinta. Saura kwana takwas wasan.

Labari kuwa ya zaga bene. Wata maƙwabciya ta aiko da masa cike da faranti, a ce wa Malam ya sa ɗanta a addu'a, takardun zamansa sun maƙale. Na cinye masar. Kada ku ce ban roƙa wa Zainaba komai ba, bayan kowace salla nakan ce Allah ya sauke ta lafiya, kamar yadda ake yi wa kowa, a numfashi ɗaya. Daga nan sai in jawo matashi in koma kan kashi na uku, inda hannun hagu yake ba ni wahala.

Sale yake kai ni Jidda, tafiyar awa guda da 'yan mintuna, dutse da rairayi da manyan motoci. Yakan ajiye ni a ƙofar ginin ya tafi neman fasinja. Ranar da aka fara haɗuwa da makaɗa aka ce in zo da kayan wasa a gwada fitilu. Na buɗe jakar kwat a ɗakin shiri, wari ya daki bango ya dawo. Daddawar Inna! Na fesa turare, abin ya zama daddawa mai turare. Shugaban makaɗan, wanda yake tsayawa a gaba da 'yar sanda, ni Madugu nake ce masa a raina, wani gajeren tsoho ne mai farin gashi. Ya rungume ni, ya ɗan tsaya, ya ja hanci, ya ce da Turanci, "Turaren ƙasarku yana da ƙarfi." Na ce ƙwarai kuwa.

Makaɗan daga ƙasashe barkatai suke, da 'yan samarin Saudiyya a cikinsu, maza da mata. Sun yi shekaru tare, suna da barkwancinsu da ba na ganewa. Da Madugu ya ɗaga sanda masu goge suka shigo gaba ɗaya, sai na shagala da sauraro, har na makara da shiga. Abin da na yi shekara ashirin ina ji a cikin kai, ga shi yana fitowa ta bayan kunnena. Ya tsayar, ya ce, "Malam Habibu, kai kana kiɗa kamar wanda ya saba zama shi kaɗai. Ba ka jiran kowa. Ka saurari mai sarewa, ita take ba ka hanya." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Lokacin hutu suka watse rukuni-rukuni da kofunan gahawa, ni na zauna a kan kujerar piyano ina cin dabinon da Gwaggo ta ƙulle mini a leda.

A ranar Sale ya dawo da wuri, ya shigo nemana, ya tarar da ni a tsakiyar abin. A mota ya yi ta dariya har yana dukan sitiyari. "Baƙauye! Wannan ne shugul ɗin, taron aikin? Wannan ne wuridin? Wallahi kai shaiɗan ne." Dariyar ba ta lafa ba sai da muka wuce shingen shiga Makka. Can ya ce, "Amma ka kaɗa da kyau, ya ahi. Kada ka gaya wa Ummi. Wata biyu ba ta yi barci ba sai da ka zo. Halas, bar ta haka."

Na gwada duk da haka, sau ɗaya. Ana jibi wasan, ranar da zan koma otal ɗin da aka kama mini a Jidda, na same ta tana tsince shinkafa da lalube. Na ce, "Gwaggo, abin nan da kike gani ina yi da safe..." Ta ɗaga hannu ta ce, "Kul! Ba a faɗa. Abin da yake tsakaninka da Ubangijinka ne, kada ka ɓata ladanka a kaina." Na bar maganar. Kuma in gaya muku gaskiya, sanyi na ji a raina da ta hana ni.

Otal ɗin yana kallon teku, gado ya ishi mutum huɗu, ba wanda ya san sunana sai takardar da take kan tebur. An ba ni katin gayyata guda biyu na iyali. Na ba Sale ɗaya, ɗayan na bar wa mai gyaran ɗaki.

Ranar wasa, bayan magariba, ina zaune a ɗakin shiri ni kaɗai. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, madubi da kujera da kwalbar ruwa. Ta bango ina jin masu goge suna daidaita tsirkiya. Na sa hannuwana a ruwan ɗumi don sun yi sanyi ƙalau. Sai waya ta yi ƙara, lambar Sale, amma muryar Gwaggo ce.

"Malam, an shiga da ita. Sun ce bugun zuciyar yaron yana sauka, sai an yi aiki. Kana ina?"

"Ina Jidda, Gwaggo."

"To bar duk abin da kake yi. Ka kama yanzu, ɗana, ka kama kada ka saki sai na kira ka. Ni bakina ya mutu, ban san me nake faɗa ba. Kai na dogara da kai bayan Allah."

Na ce, "To, Gwaggo." Ina ajiye wayar aka ƙwanƙwasa ƙofa aka ce saura minti biyar.

Ban san yadda na isa kan kujerar ba. Fitilu a idona, mutane a cikin duhu kamar ba kowa, wuri ɗaya kawai na sani a layi na uku, kujerar Sale, ita ma wayam. Madugu ya dube ni, na gyaɗa kai. A kashi na farko na zame sau ɗaya, wurin da ko a mafarki ban taɓa zamewa ba, mai sarewa ta ɗan jinkirta ta jira ni na hau. Kusa da ƙarshen kashin akwai inda kowa yake sauke kayan kiɗansa, Madugu ya sauke sanda, a bar mai piyano shi kaɗai na wajen minti uku. Nan ne mutum yake nuna abin da ya iya, nan na yi shekaru ina jira. Da shirun nan ya sauka sai na ji leɓena yana motsi, kuma ba bugu nake ƙirgawa ba. "Ya Allah, Zainaba. Ya Allah, Zainaba." Yarinyar da ko fuskarta ban taɓa gani ba.

Kada wani malami a cikinku ya taso mini, ban ce kiɗa addu'a ba ne. Hannu yana aikinsa, baki yana nasa, abin da ya faru ke nan. Kashi na biyu, mai tafiya a hankali, haka na yi shi ina roƙo, ban taɓa roƙon Allah da tsoro irin na ranar ba, don na san a duk duniya an bar wa mutum ɗaya wannan aikin, kuma ga inda yake zaune. Kashi na uku ban ma tuna shi. Na dai ji ƙarar ƙarshe, na ji Madugu ya kamo ni ya ɗaga, mutane a tsaye. Sau uku tafi yana mayar da ni kan dandamali. Aka miƙo mini furanni, na riƙe su kamar an ba ni ajiyar jaririn wani.

Na koma ɗaki da gudu. Saƙon murya ɗaya, na Sale, yana ihu, Larabci da Hausa a cakuɗe: "Walad! Namiji ne, baƙauye, ya yi kuka! Zainaba bi hair, lafiya lau!" Na zauna a ƙasa da kwat ɗina na yi kuka har mai kula da ƙofa ya leƙo ya koma. Makaɗan sun tafi cin abinci tare, sun gayyace ni, na ce kaina yana ciwo. A otal na ci burodi da shayi.

Washegari na koma Hindawiyya. A karon farko na tarar da ƙofar Gwaggo a buɗe, mata cike da falo. Tana jin muryata ta miƙo hannu, ta kama nawa duka biyun ta ɗora a fuskarta, a gaban kowa. Ta ce, "Ga su nan. Waɗannan ne ba su huta ba." Mata suka yi ta sa albarka. Sannan ta ce ta yi magana da mijin Zainaba ya amince, ranar suna Habibu za a raɗa wa yaron. Sale yana tsaye a bakin ƙofa, ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

Da abin ya tsaya a kaina, wataƙila da na taho da shi har Kaduna ban faɗa ba. Amma yaro ne zai tashi ana ce masa sunan wani bawan Allah ya ci, wanda ya yi kwana takwas a kan darduma dominsa. Wannan na kasa haɗiye shi.

Ranar tafiyata da hantsi, Sale ya sauka da akwati ya tayar da mota. Gwaggo tana zaune a falo ita kaɗai, ta haɗa wa Inna dabino da turare a leda. Na durƙusa a gabanta na ce, "Gwaggo, yau kada ki hana ni." Na faɗa mata duka. Na ce ni makaɗi ne, kiɗa ya kawo ni, abin da take gani da safe bita ce, ba wuridi ba. Na ce lokacin da ta kira ni ina bakin dandamali, kuma na hau.

Idanun nan masu yana suna kaina, ban san iya abin da suke gani ba. Ina jira ta yi maganar kiɗa, ta ce haram, ta ce a garin nan, na ma shirya abin da zan ce. Ko kusa ba ta bi ta kansa ba.

"Ka roƙa mata ko ba ka roƙa ba?"

"Na roƙa, Gwaggo. Ranar da aka shiga da ita, da dukkan zuciyata."

"Ranar kaɗai."

"Sauran ranakun ma, bayan salla. Amma ba kamar yadda kike zato ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Sunan na riga na faɗa a gaban mutane, ba zan janye ba. Allah ya raya shi." Ta turo ledar gabana da ƙafar sandarta. Sannan ta ce, "Kwana takwas, Habibu. 'Yata tana kwance tsakanin rai da mutuwa, ni ina minshari, ba kowa a tsaye a kanta. Da ka gaya mini ai da ni na tashi. Ko da rarrafe da na tashi."

Na ce ta yafe mini. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta miƙe da ƙyar, na kai hannu zan taimake ta, ta dafa bango. Ta shiga ɗakinta ta tura ƙofa, na ji tana jan kujerar da take salla a kanta, na ji kabbara. Na tsaya a falo da leda a hannu ina jira ta sallame mu yi bankwana. Ta sallame, ta sake tayar da wata. Ina nan tsaye har Sale ya yi oda karo na uku, na ɗauki takalmina na sauka.